Awa Goma Daga Tsibirin Saifurus

Wata biyu ke nan da na fita takaba, kuma sai yanzu hannuna ya yarda ya riƙe biro. Masu zuwa gaisuwa suna ta ce min in bar wa Allah. Na bar masa. Amma akwai mata da yawa da na baro a kan bencin ɗakin wankin ƙoda, kowacce da nata mai jikin da nata dangin mijin, su nake rubuta wa wannan. Abin da ya same ni kada ya sami wata.

Sunana Hauwa, malamar firamare ce ni, haifaffiyar Hausari a nan Maiduguri. Mijina Modu Kanuri ne, shinkafa yake sarowa daga Zabarmari ya kai inji a gyara ya sayar. Shekara goma sha huɗu muna tare, da 'ya'yanmu biyu mata. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, Hajja, ita a ɗakin gaba mu a ciki. 'Ya'yanta biyu ne a duniya, Modu da ƙaninsa Bukar, wanda ke karatun injiniya a tsibirin Saifurus. Modu ne ya sayar da gonarsa ta Dusuman ya tura shi can.

Ciwon ya fara ne da takalmi. Wata Juma'a Modu ya zo sa takalminsa na masallaci, ƙafa ta ƙi shiga. Har tsokanarsa na yi, na ce mai shinkafa ya fara ƙiba ta ƙasa. A mako na biyu fuskarsa ta riƙa kumbura da safe, fitsarinsa yana kumfa kamar an zuba omo, kuma turaren wutar da na yi shekaru ina sa masa a ɗaki ya koma tayar masa da zuciya. Mai kemis na bakin layinmu ya ce taifot ce, ya ɗaura masa ruwa leda uku. Ashe ruwan nan ƙara masa nauyi yake yi, mu muna ta godiya.

A mako na uku ya yi aman da ya tsorata ni, na sa shi a keke Napep muka tafi babban asibiti. Tun hantsi muke layin kati, sai bayan la'asar muka ga likita. Kwana biyu bayan nan sakamakon jini ya fito. Likitan ya kalle ni, ya kalli Modu, ya ce, "Malam, ƙodojinka biyu sun gaji." Sun gaji. Har yau in na ji wani ya ce ya gaji sai gabana ya faɗi.

Aka sa masa bututu a wuya, aka fara wankin ƙoda sau biyu a mako. Wanda bai taɓa zama a wannan benci ba ba zai gane ba. Injinan kaɗan ne, masu jiran su da yawa, in ɗaya ya lalace sai a ce ku dawo gobe, mai jiki kuwa yana ta cika kamar salka. Wuta ta ɗauke, a jira janareto. Jininsa ya yi ƙasa, a fita neman mai bayarwa. Na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen aurena, ban kuma yi nadama ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙishirwa. A zafin Maiduguri, lokacin da ko inuwar bishiyar maina, wato dogon yaro, ba ta da wani sanyi, aka ce ruwan da zai sha a wuni kada ya wuce 'yar ƙaramar gora ɗaya. Sai in fasa ƙanƙara ƙanana in riƙa sa masa a baki yana tsotsa.

Masu shawara kam ba a rasa su ba. Wata gwaggonsa ta aiko da nonon raƙumi. Wani abokin kasuwarsa ya kawo sassaƙe a jarka, baƙi wuluk, wai mutum bakwai ya tayar. Na karɓa na yi godiya, na kai bayan gida na tuttular. Cikin ma'aikatan akwai wata nas, Sista Rifkatu, 'yar kudancin Borno, Allah ya saka mata da alheri. Ita ce ta koya min yadda zan tsare bututun wuyan nan daga ruwa da gumi, ita ce kuma ke kirana in an sami gurbi a inji. Dole kuma in faɗi gaskiya a kan Hajja, duk da abin da zan faɗa nan gaba. Ba a taɓa yin wanki ba tare da ita ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, za ta zauna awa huɗu a gefen gado tana yi masa fifita, tana ja masa carbi. In na fito ina kuka ta riƙe hannuna ta yi min sannu da Kanuri, "Wushe, 'yata, wushe." Na ɗauke ta uwa, wallahi na ɗauke ta uwa.

A mako na shida likita ya yi mana maganar dashe. Ya ce wanki jinkiri ne kawai, in ana son Modu ya koma kasuwa sai wani ya ba shi ƙoda ɗaya. Ni na fara miƙa hannu, jinina bai dace ba. Sai ga Bukar ya zo hutu. Ko hutawa bai yi ba ya ce a gwada shi. Aka yi gwaje-gwaje har na kwana tara, likita ya fito yana murmushi, ya ce da wuya a sami dacewa irin wannan. Sai dai jikin Modu bai shirya ɗaukar aiki ba, sai jininsa ya ƙaru, hawan jininsa ya sauka, wata biyu ko uku. Bukar kuwa yana shekarar ƙarshe a makaranta. Aka ce ya koma, in lokaci ya yi a kira shi.

Hankalina bai kwanta da tafiyarsa ba, ya kuma gani a fuskata. A harabar asibiti ya ciro wayarsa ya buɗe taswira.

"Anti, duba nan. Ga Maiduguri, ga tsibirin. A miƙe kilomita dubu uku ne da 'yan kai. Babu jirgi kai tsaye, amma daga can zuwa Istanbul awa ɗaya da rabi ne, daga Istanbul zuwa Abuja kusan bakwai, daga Abuja zuwa nan ɗaya da rabi. Nawa ke nan, malamar lissafi?"

Na ce, "Goma."

"To kin gani. Wanda ya hau motar Legas daga nan, kafin ya isa ni na zo har na sha shayi. Ku dai ku ce min in taho."

Na riƙe awa goman nan kamar yadda ake riƙe lambar waya. Duk ranar da Modu ya kwana yana haki, sai in ce wa raina maganinsa yana can, awa goma ne kawai.

A mako na goma sha bakwai likita ya ce, "Yanzu ne. A kira mai bayarwa, kada a ɓata lokaci, irin wannan dama ba ta daɗewa." Na dawo gida kamar in yi guɗa. Na ɗauko waya zan kira Bukar, sai Modu ya dafe hannuna.

"Ajiye, Hauwa. Ba ke za ki faɗa ba, ba kuma ni ba. Ni ne babba, ni na yi masa hidimar karatu. In na buɗe baki na ce ya zo a yanke shi, ya zama ina karɓar ladan abin da na yi. Ke kuma in kika faɗa, gobe dangi su ce matar Modu ce ta sa aka farke ɗan mutane. Maganar nan ta uwa ce. Ita za ta kira shi ta sa masa albarka."

A gidanmu haka ake yi. Magana mai nauyi ba ta tafiya kai tsaye, sai ta bi ta bakin babba. Ni ma haka aka rene ni, ban ga aibinsa ba. Muka je ɗakin Hajja, Modu ya durƙusa da ƙyar ya faɗa mata. Ta ce, "Ku bar min. Na ji."

Bayan kwana uku na tambaye ta. Ta ce Bukar yana jarrabawa, sai nan da mako biyu. Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Mako biyu suka cika, ta ce takardar zamansa ce ta ƙare, in ya fito ba za su bar shi ya koma ba, yana gyarawa. Bayan nan ta ce kuɗin jirgi ne ya tashi. Na ce, "Hajja, in kuɗin jirgi ne zan nemo." Ta ce in bari, kada in kunyata yaro.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Bukar yana kiran yayansa duk Juma'a. Ina zaune ina ji. "Yaya, ya jiki?" Modu ya tattaro sauran ƙarfinsa ya gyara murya ya ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya karatu?" Su yi hirar ƙwallo, su yi dariya, su ajiye. Ko sau ɗaya Bukar bai ambaci ƙoda ba, ko sau ɗaya Modu bai tambaye shi yaushe zai zo ba. In Bukar ya ce a buɗe kyamara, Modu ya ce sabis ba kyau, don kada ya ga yadda ya koma. In na yi magana sai ya ce, "Jikinsa ne, Hauwa. In ya ji tsoro ba laifi ba ne. Kada ki tsane shi." Na tsane shi kuwa. Ya turo min saƙo, "Anti, ya mai jiki?" na rubuta "Da sauƙi" ina cizon leɓe. Daga baya ma na daina amsawa. Na ce a raina, mara kunya, ka bar mutum yana mutuwa kana tambayata ya mai jiki.

A mako na ashirin da huɗu Sista Rifkatu ta ja ni gefe a baranda.

"Maman yara, ina ƙanin nan naku? Likita yana ta tambaya."

Na zayyana mata uzurorin ɗaya bayan ɗaya. Ta kalle ni ta ce, "Ke da kunnenki kika ji daga bakinsa?"

Na ce mahaifiyarsa ce ke magana da shi.

"Ki kira shi da kanki mana. Me zai ci ki?"

Na ce mata ba a haka a gidanmu. Ta ɗaga kafaɗa ta koma aikinta. A keke muna komawa gida na rubuta wa Bukar dogon saƙo, na faɗi komai, har da kiran sa matsoraci. Na kalli Modu a gefena ya jingina kai da ƙarfe, na tuna ya hana ni, na goge. Yatsana ɗaya ne tsakanina da tura saƙon nan. Wannan zan tafi da shi kabari.

Mako biyu bayan nan zazzaɓi ya rufe shi, jiki yana karkarwa har gado yana motsi. Ƙwayar cuta ta shiga ta bututun wuyan ta bi jini. Aka kwantar da mu, aka cire bututun aka sa wani a cinya, aka yi ta allurai. Likita ya daina maganar dashe, ni ma na daina tambaya. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Ranar Talata da hantsi Modu ya ce in jiƙa masa leɓe, na jiƙa, ya yi kalmar shahada a hankali, ya cika. Hajja tana riƙe da ƙafarsa. Kafin la'asar an kai shi.

Ranar Laraba, ana kiran azahar, ina zaune a ɗaki cikin mata, sai na ji gida ya ɗauki salati. Bukar ne, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Na ƙirga da yatsuna. Daga lokacin da aka kira shi zuwa lokacin da ya taka zauren nan, awa ashirin da bakwai ne, har da jiran jirgi a garuruwa biyu. Ba jarrabawa, ba takardar zama, ba tsadar tikiti.

Ya zo bakin ƙofata ya durƙusa yana kuka. Mai takaba ba ta ɗaga murya, amma ni na ɗaga.

"Ashe ka san hanya? Ashe jirgin yana tashi? Mako goma muna jiranka, Bukar! Gawa ce ta fi saurin kiranka? Tashi ka ba ni wuri, ka riƙe ƙodarka, Allah ya ba ka tsawon rai da ita!"

Mata suka riƙe ni. Shi kuwa ya ɗago yana kallona kamar na yi masa wani yare.

"Anti, wane jira? Ba an ce an fasa aikin ba?"

"Wa ya fasa?"

"Hajja ta ce likita ya ce ƙodar ta farfaɗo. Ta ce kada in ƙara tayar da maganar, tana ɓata wa Yaya rai. Ni na gama jarrabawa tun wata biyu da suka wuce, zaune nake ina jiran takardar sakamako. Na ce zan taho ma, ta ce in tsaya in karɓo ta tukuna."

Ya ciro waya ya danna wani saƙon murya. Muryar Hajja ta cika ɗakin, da Kanuri, kuma shekara goma sha huɗu a gidan nan sun ishe ni in ji kowace kalma. Yayanka ya samu lafiya, har kasuwa yana leƙawa. Ka yi zamanka. Ka gaishe shi kawai, kada ka yi masa zancen asibiti. Ya danna wani, ya danna wani. Na duba ranar da aka turo na ƙarshen. Muna kwance a asibiti a lokacin, ranar da aka sa wa Modu bututu a cinya. Na tuna ta ce min za ta fita ta yi alwala.

Na miƙe, ko mayafi ban gyara ba, na ratsa tsakar gida na shiga ɗakinta. Tana kan darduma. Bukar yana bayana. Ban gaishe ta ba, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

"Hajja, me muka yi miki?"

Ba ta musa ba, ba ta ma yi mamaki ba. Ta ajiye carbi ta ce da Hausarta mai nauyi, "Biyu na haifa. Na kalli idon Modu tun ranar da aka sa masa roba a wuya, na san ya kama hanya. Ki ce in ɗauki wanda ya rage in kai shi a yanka? Bai yi aure ba, bai haihu ba. In aka shiga da biyu aka fito min da babu fa? Ke kina da 'ya'ya, wata rana za ki gane."

Na ce, "Likita ya ce zai tashi! Likita ya ce mai bayarwa ba abin da zai same shi!"

"Likita ba shi ya haife su ba."

"To me ya hana ki faɗa mana? Ki ce ba ki yarda ba, mu san inda muka dosa, mu nemi wani! Kina zaune kusa da ni a benci, kina ce min wushe, kina kallona ina zagin yaron nan a raina. Modu ya mutu yana zaton ƙaninsa ya guje shi, Hajja. Da wannan ya tafi."

A nan ne Bukar ya yi wani irin ƙara ya faɗi a ƙofar ɗaki. Sai da maza suka shigo suka ɗauke shi.

An yi sadakar bakwai, ya koma tsibirinsa ba tare da ya shiga ya yi mata sallama ba. Dangi suka rabu biyu, wasu na cewa uwa ce, tsoro ne, wasu ba sa ko taka ɗakinta. Ana ta ce min kwana ne ya ƙare, ko da Bukar ya zo sai abin da Allah ya rubuta. Na sani, ni ma musulma ce. Amma an cuce ni, an cuci Modu, an cuci Bukar, kuma wadda ta yi tana cin tuwo a kwano ɗaya da ni. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Zuwa yau dai ban yafe ba.

Ku da ke kan bencin nan yanzu, ga abin da zan ce muku. In rai ne a tsakani, kada ku aiki kowa. Ko uwa ce, ko malami, ko wanda ya fi kowa yi muku fifita. Ku ɗauki waya ku faɗa wa mutum da bakinku, ku ji amsarsa da kunnenku. In an ce ba ku da kunya ku amsa. Kuma ku daina ce wa na nesa da sauƙi alhali babu sauƙin.

Har yanzu ina gidan, saboda yara, kuma ba ni da inda ya fi. Makon jiya hawan jini ya kayar da Hajja a bakin randa, ɓarin jikinta na hagu ya saki. Ba wanda ya rage sai ni. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ba ta abinci a baki. Shekaranjiya da safe na kawo mata kunu, ta kama bakin zanena da hannunta mai lafiya.

"Hauwa, Bukar ba ya ɗaukar wayata. Ke zai ɗauka. Ki gaya masa."

Na ajiye kwanon na fita tsakar gida na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka. Na faɗa masa komai yadda yake, abin da likita ya ce, abin da take iya yi da abin da ba ta iyawa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce masa mahaifiyarsa ce, kuma tana nemansa. Sai ya ce:

"Anti, ban shirya ba. In na zo yanzu, abin da zai fito daga bakina sai ya kai ni wuta. Ki ba ni lokaci."

Na koma ɗaki. Ta ɗago kai da ƙyar, idonta a kan ƙofa.

"Yana hanya?"

Wallahi kalmar tana kan harshena. In na ce e, za ta sha kununta ta yi barci mai daɗi, ba kuma wanda zai sani. A lokacin na ji yadda abin yake da sauƙin faɗa.

Na ce, "A'a, Hajja. Ya ce bai shirya ganinki ba."

Ta juya fuskarta bango. Na zauna a bakin gadon, na ɗauki kwanon, na ɗebo a cokali.

"Juyo ki buɗe baki, ya fara hucewa."